Wasiƙa daga Alƙahira: gurbin sana'a a takardar ƙidaya

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba wani abu ba ne illa karatu da ya sha mini kai. Yaya ya yi mini ƙorafi a waya cewa wasiƙuna duk labarin abinci ne da cunkoson motoci, to yau ga tarihi nan na kawo, sai a gyara zama don yana da ɗan tsawo.

Mai gadin gidan da nake haya ne ya jawo maganar. A nan bawwab ake ce wa mai irin aikinsa. Dattijo ne mutumin kudancin Masar, daga wajen Aswan. Rannan ya kawo mini katinsa na ɗan ƙasa in ɗaukar masa hoto da waya, zai aika wa ɗansa. Katin Misirawa a bayansa akwai gurbin da ake rubuta sana'ar mutum. Na duba nasa, sai na ga kalma ɗaya tak, amil, wato lebura. Na yi dariya, domin na san wannan bawan Allah da asuba shi ke wanke motocin mutanen gidan, shi ke sayo musu burodi, shi ne dillalin ɗakunan haya na ɗalibai a layinmu (ta hannunsa na samu nawa, kuma bai yafe la'adarsa ba), sannan yana da 'yar gona a ƙauyensu da yake komawa lokacin girbi. Na tambaye shi na matarsa fa? Ya ce ita an rubuta mata rabbat manzil, wato uwargida mai zaman gida. Alhali ita ke share matakalar benen nan kaf, tana yi wa gidaje uku wanke-wanke ana biyanta, tana kuma kiwon kaji da tantabaru a saman soro tana sayarwa.

Tun daga ranar nake bin diddigin yadda hukuma a ƙasar nan ta koyi tambayar mutum sana'arsa, da abin da take yi da amsar. Ashe maganar ta daɗe, kuma ta shafe mu fiye da yadda na zata.

Kafin a fara ƙidaya, hukumar Alƙahira ba ta bukatar sanin sana'ar kowane mutum ɗaya-ɗaya. Kowace sana'a tana da ƙungiyarta da ake kira ta'ifa, kowace ta'ifa kuma tana da shehinta. Ku ɗauke shi kamar Sarkin Pawa ko Sarkin Maƙera ko Sarkin Aska a wajenmu. In ana son haraji daga masu ɗinki, shehinsu ake kira, shi ya san yadda zai raba wa mutanensa. In ana son magina ɗari su yi aikin fada, shi ma haka. Har yau in ka bi tsohon birni sunayen tituna za su gaya maka wannan tarihi: Nahhasin na maƙeran tagulla, Khayamiyya na maɗinkan tantuna, Sagha na maƙeran zinariya, Surujiyya na masu sirdi, da unguwar Sakkayin ta masu ɗiban ruwa. Duk wanda ya san Soron Ɗinki da Dukawa a Kano ba zai ji baƙunta ba. Faransawa da suka mamaye Masar daga 1798 zuwa 1801 sun rubuta jerin waɗannan ƙungiyoyi kafin su fita, daga baya kuma Ali Basha Mubarak, a babban littafinsa na tarihin birane da unguwannin Masar wanda aka buga a shekarun 1880, ya lissafa kusan 200 a Alƙahira kaɗai.

Wanda ya sauya wannan tsari shi ne Muhammad Ali Basha, da ya mulki Masar daga 1805. Shi mutum ne mai bukatar hannaye. Ya gina masaƙu da masana'antun bindiga da na jiragen ruwa, ya sa talakawa sun haƙa magudanar Mahmudiyya zuwa Iskandariyya da aikin tilas, ya kuma kafa rundunar soja da 'ya'yan manoma. Mutanen ƙauye sun riƙa gudu, wasu har suna yanke yatsa ko su lalata ido ɗaya don kada a ɗauke su. Mai mulki irin wannan ba zai wadatu da abin da shehin ta'ifa ko dagaci ya gaya masa ba, yana son ya ga sunan kowa da idonsa. Shi ya sa a tsakiyar shekarun 1840 aka ba da umarnin ƙidayar dukkan mutanen ƙasa, aikin da aka fi sani da ƙidayar 1848. Ta nuna mutane kimanin miliyan huɗu da rabi, Alƙahira kuma tana da dubu 250 da 'yan kai. An sake wata a 1868 zamanin jikansa Isma'il.

Littattafan nan suna nan har yanzu, dubbansu, da rubutun hannu, a gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Marubutan sun bi gida-gida tare da shehunan unguwanni, suna rubuta sunan maigida da waɗanda ke ƙarƙashinsa, da shekaru, da addini, da asalin garin mutum, da ko ɗa ne ko bawa, sannan da sana'a. Abin da ya fi burge ni shi ne, a lokacin babu wani jerin sana'o'i da aka ba marubuci ya zaɓa daga ciki. Abin da mutum ya faɗa, ko abin da shehin unguwa ya san shi da shi, shi ake rubutawa. Sakka mai ɗiban ruwa a salka daga Nilu, hammar mai hayar jaki, fiƙi malamin allo, mujawir ɗalibin Azhar, duk da sunayen da mutanen unguwa ke kiransu. Da a Kano aka yi, da mun ga ɗan garuwa da ɗan koli da marini da baduku da ɗan kamasho a rubuce haka nan.

Kuma fa har mutanenmu suna ciki. Misirawan wancan zamani suna kiran mutanen Afirka ta Yamma Takarna, jam'in Takruri, sunan da ya haɗa Hausawa da Barebari da Fulani da sauran masu bi ta nan zuwa aikin hajji ko neman ilimi. Azhar tana da ɓangaren kwana na ɗaliban Barno, kuma a hayin kogi ta Giza akwai unguwar Bulaƙ al-Dakrur wadda sunanta daga wannan kalma ya fito. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Terence Walz, ya bi littattafan 1848 na Alƙahira yana tsamo baƙaƙen fata da ke zaune a birnin, Sudanawa da Habashawa da Nubawa da Takarna, ya fitar da nazarinsa a wani littafi da suka tsara tare da Kenneth Cuno a 2010. Ina tunanin wani Bakano ko Bakatsine da guzuri ya ƙare masa a hanyar Makka, yana tsaye a ƙofar ɗaki ana tambayarsa sana'arsa da Larabcin da bai gama ji ba. A gida manomi ne da damina, maɗinki da rani, almajiri kullum. Wanne zai faɗa?

To amma duk da wannan yalwa, akwai mutane biyu da gurbin sana'a bai cika kula su ba. Na farko mata. Sana'ar maza ake bi, mace kuwa galibi matar wane ce ko 'yar wane, in ba ita ce ke riƙe da gida ba. Alhali birnin cike yake da ungozomomi da masu wanki da dillalai masu shiga gidajen manya da kaya. Ita kanta gwamnati a 1832 ta buɗe makarantar koyar da mata aikin jinya da ungozomanci, kuma ɗalibanta na farko kuyangi ne 'yan Habasha da Sudan da aka sayo a kasuwa. Na biyu bayi. Bawa ana rubuta shi a ƙarƙashin ubangijinsa, kasancewarsa bawa ita ce bayaninsa, ko da shi ke noma gonar ko shi ke dafa abincin gidan. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin tsakanin ƙidayar 1848 da ta 1868 yawan bayi a Masar ya ninka kusan sau uku. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsayar da audugar can, farashi ya yi sama, manoman Masar masu hali suka riƙa sayen bayi daga Sudan don noman auduga. Hannayen da suka yi wannan aiki an ƙidaya su, amma ba a matsayin manoma ba.

Daga 1882 al'amarin ya ɗauki wani salo. A shekarar aka yi ƙidayar farko irin ta zamani da aka buga sakamakonta a littafi, watanni kaɗan kafin sojojin Ingila su mamaye ƙasar. Aka sake a 1897, daga nan kuma duk bayan shekara goma har 1947. Ta 1907 wani jami'i ne mai suna Lowis ya jagorance ta, wanda ya koyi aikin a ƙidayar Burma ƙarƙashin gwamnatin Indiya ta Turawa. Su waɗannan ba sunan Wane ɗan Wane ya dame su ba, jimla suke so a jadawali: manoma nawa, masu sana'ar hannu nawa, 'yan kasuwa nawa, don a kwatanta Masar da Indiya da Faransa. Kuma ba a kwatantawa sai an yi ma'auni ɗaya. Wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara jerin rukunan sana'o'i da masana lissafin jama'a suka tattauna a taronsu na Chicago a 1893, har Indiya ta ɗauki tsarinsa a ƙidayarta ta 1911. Wato maimakon a rubuta abin da mutum ya ce, yanzu an riga an zana akwatuna, aikin malamin ƙidaya shi ne ya jefa kowa a ɗaya. A daidai wannan lokaci kuma ƙungiyoyin sana'a suna mutuwa. A 1890 aka soke tsohon harajin sana'a da shehunansu ke tarawa, famfunan kamfanin ruwa suna cinye kasuwar masu salka, tarago mai lantarki da ya fara yawo a 1896 yana cinye ta masu jakuna.

Akwatunan da duniya ke amfani da su yau na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, wadda hedkwatarta ke Janeba. Ta fitar da tsarin farko a 1958, ta gyara a 1968 da 1988, sai kuma na 2008. Shi wannan na ƙarshe ya raba duk aikin ɗan Adam zuwa manyan rukunai 10, a ƙarƙashinsu ƙananan akwatuna 436, kowane da lambarsa mai harufa huɗu. Hukumar ƙididdiga ta Masar, wadda aka kafa a 1964, a kan wannan tsari take gina nata, har zuwa ƙidayar 2017 da aka yi da ƙananan kwamfutocin hannu, aka samu mutane miliyan 94.8 a cikin ƙasa.

Don nishaɗi na zauna na nemo wa bawwab ɗinmu lambobinsa. Mai kula da gini 5153. Mai wanke mota 9122. Dillalin gidaje 3334. Manomin da ke noma don cin gidansa 6310. Mutum ɗaya, manyan rukunai huɗu, ɗaya daga ciki ma rukunin masu matsakaicin ilimin sana'a ne, inda zai zauna tare da ma'aikatan ɗakin gwaji na asibiti. Ɗan garuwa ma bai rasa tasa ba, 9624, shi da mai itace. Sai dai ƙa'ida ita ce a rubuta babban aiki guda, yawanci wanda mutum ya fi ɓata lokaci a kansa a makon da ake tambaya. Sauran ukun sun ɓace.

Wani abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne yadda aka komo da waɗannan akwatuna kan mutanen 1848. Wani masanin tarihin tattalin arziki ɗan Masar, Mohamed Saleh, ya shafe lokaci a gidan adana takardun nan yana kwafe samfuri daga littattafan 1848 da 1868 zuwa kwamfuta, kimanin mutum dubu 80 daga kowace, ya bayyana aikin a 2013. Ya tarar da dubban sunayen sana'o'i daban-daban, kuma kafin ya iya lissafi da su sai da ya ba kowane lamba, bisa wani tsari da masana a Turai suka fitar a 2002 don sana'o'in da, wanda shi ma a kan na Janeba na 1968 aka gina shi. Aikin ya yi amfani ƙwarai. Da shi aka iya auna yadda Kibɗawa Kiristoci suka fi Musulmi yawa a aikin akawu da rubutu, da irin mutanen da masana'antun Basha suka ɗauka, da wannan hauhawar yawan bayi da na ambata. Ba na raina akwatuna, in babu su ba za a taɓa ganin waɗannan abubuwa ba.

Amma ku duba wahalar da ke ciki. Ɗauki hallaƙ, wato wanzami. A tsarin Janeba na yau mai aski yana rukuni na 5 tare da masu hidimar otal da shaguna. Wanzamin Masar na wancan ƙarni kuwa, kamar namu, yana ƙaho, yana kaciya, yana cire haƙori, har gwamnatin Muhammad Ali ta horar da wanzaman ƙauye suna yi wa yara lambar agana. To shi mai aski ne ko ma'aikacin lafiya? In ka sa shi a na farko, sai jadawalinka ya ce ƙauyukan Masar ba su da masu magani. Haka fiƙi: da safe yana koyar da yara, da yamma yana karatu a gidan rasuwa ana ba shi sadaka, wani lokaci yana rubutun sha. Kawu, kai da ka yi shekara talatin kana wannan, ka gaya mini akwatin da za ka yarda a sa ka.

Maganar mata ce ta fi daɗewa ba a warware ba. Ƙidayoyin Masar na 1960 da 1976 sun nuna kamar mata masu aiki ba su kai ɗaya cikin goma ba, a ƙasar da duk wanda ya bi jirgin ƙasa ta karkara zai ga mata a gona da garke. Dalilin yana cikin tambayar. Namiji ne ke zuwa, namiji yake tambaya, ya ce matarka tana aiki? Maigida ya ce a'a, domin a wurinsa aiki shi ne na albashi, kuma wani yana ganin abin kunya ne a ce matarsa na nema. A shekarun 1980 wani masani na Ƙungiyar Ƙwadago, Richard Anker, ya gwada wata hanya a ƙauyukan Masar. Maimakon waccan tambaya ɗaya, sai a karanto wa mace ayyuka ɗaya bayan ɗaya: kin yi tatsa, kin yi cuku, kin kula da kaji, kin sayar da ƙwai, kin taya girbi? Nan take adadin ya tashi. Binciken ma'aikata na musamman da hukumar ƙididdiga ta yi a 1988 ya bi irin wannan faɗaɗa, haka ma jerin binciken da aka fara a 1998 aka maimaita a 2006 da 2012 da 2018. Su har lissafi biyu suke bayarwa, ɗaya na masu aikin da ke kawo kuɗi, ɗaya kuma da ya haɗa da masu noma da kiwo don cin gida, kuma a 1998 na biyun ya ninka na farko har da ƙari a wajen mata. Matan ba su sauya ba, tambayar ce ta sauya. Sai ga shi a 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago a Janeba ya yanke cewa daga yanzu mai aikin yi shi ne wanda ke yi don lada ko riba, noman ci kuma a lissafa shi daban. Da wannan shawara ɗaya miliyoyin manoman Afirka suka tashi daga wani layi na jadawali suka koma wani ba tare da sun ajiye fartanya ba.

Duk wannan karatun, gida nake ta tunawa. Wata Baturiya, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abinci, yara na kaiwa da kawowa, kasuwa sukutum wadda baƙo ba ya gani. Enid Schildkrout ta sake nuna haka a birnin Kano a shekarun 1970, ta bi yara masu talla. Mu ba sai Bature ya gaya mana ba. Kuɗin makarantata na sakandare rabinsa daga tukunyar ƙosan Inna ya fito, adashinta ne ya sayi akwatin da na zo da shi ƙasar nan. Amma ina da yaƙinin in an tambayi Baba ko tana aiki, da zuciya ɗaya zai ce a'a, tana gida.

Ga kuma maganar lokaci. Ƙidayar Najeriya ta 1991 a watan Nuwamba aka yi ta, da kaka, kowa yana gona. Ta 2006 kuwa a watan Maris, tsakiyar rani, lokacin da rabin samarin ƙauyenmu suna Kano ko Legas ko Fatakwal suna cin rani, wannan yana acaɓa, wancan yana yankan farce, wani yana tura kura. Mutum ɗaya, in ka same shi a Nuwamba manomi ne, in ka same shi a Maris ɗan acaɓa ne, kuma duk gaskiya ya faɗa. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk ranar da aka yi, daga waɗannan jadawalai ne masu tsara bashin manoma da tallafin ƙananan 'yan kasuwa da makarantun koyon sana'a za su karanta ko mu su wane ne, kuma mai ƙosan da aka rubuta ba ta aiki ba za ta shiga lissafin masu bukatar jari ba.

Na koma wajen bawwab na gaya masa ai bisa tsarin Turawa sana'a huɗu gare shi. Ya ce to su biya shi albashi huɗu. Da na ce me ya sa bai je an gyara katin ba, sai ya ce lebura ya fi masa kwanciyar hankali, domin wanda aka rubuta dillali wata rana masu haraji za su neme shi. Na tuna da mutanen da suka gudu daga marubutan Basha, ban ce komai ba.

Yaya, don Allah in ka je gida ka tambayar mini Baba abin da ya gaya wa masu ƙidaya a 2006 game da Inna da Goggo, in yana iya tunawa, sannan ka tambaye su su ma a keɓe abin da da su aka tambaya za su ce. Ina son in ji ko amsoshin za su zo ɗaya. Saƙon yajin ya iso lafiya, na gode, har na ɗiba wa matar bawwab ta ce ya fi ƙarfinta. A gaida Inna da Baba da Kawu da yara duka, da mutanen majalisar ƙofar gida. Sai wata wasiƙar in Allah Ya kai mu.

Naku a Alƙahira.